Jagorar Koyon Sana'ar Haɗa Abin Sha: Daga Tarihin Koktel Zuwa Kofin da Babu Giya

Sana'ar haɗa abin sha a bayan kanta, wato dogon teburin da mai sayarwa yake tsayawa a bayansa, irin wadda ake gani a manyan otal-otal da wuraren liyafa, ta girma ne a mashayun Amurka da Turai, kuma babu amfanin ɓoye cewa giya ce ginshiƙinta na asali. Sai dai ilimin da masu sana'ar suka tara cikin shekara sama da ɗari biyu ya wuce batun giyar kanta, domin ya ƙunshi sanin awo, da sanin yadda tsami da zaƙi da ɗaci suke danne juna, da sanin aikin ƙanƙara, da iya karɓar baƙo. Duk mai son buɗe wurin sayar da lemon haɗi, ko karɓar kwangilar biki da walima, ko neman aiki a otal, zai iya ɗaukar wannan ilimi dungurungum ba tare da ɗigon barasa ya shiga kofinsa ba. Amma wajibi ne ya fara sanin dalilin da ya sa aka tsara kowace ƙa'ida, kuma dalilan suna cikin tarihi.

Inda abin ya faro

Kafin a san koktel, wato abin shan da ake haɗa wa kowa nasa a kofi, abin da ake yayi shi ne haɗin babban kwano da ake kira fanc, wanda ma'aikatan jiragen ruwan Ingila masu fatauci a Indiya suka yaɗa tun ƙarni na 17. Ana zuba barasa da lemon tsami da sukari da ruwa da kayan ƙamshi a kwano guda, jama'a su kewaye shi ana ɗiba da ludayi. Har yau a tsibiran Karebiyan ana riƙe da tsohon awon wannan haɗi da ka: kashi ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na mai ƙarfi, huɗu na mai tsarmawa. Mai koyo ya riƙe wannan awo da kyau, domin za mu dawo kansa.

Bayani na farko da aka buga kan abin da koktel yake nufi ya fito ne a ranar 13 ga Mayu, 1806, a wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York, inda editan ya amsa tambayar wani mai karatu da cewa haɗi ne na barasa kowace iri da sukari da ruwa da ruwan ɗaci, wato jiƙon ganyaye da saiwoyi masu ɗaci. A wannan shekarar ce kuma wani matashin ɗan kasuwa na Boston mai suna Frederic Tudor ya loda wa jirgin ruwa ƙanƙarar da aka sassaro daga daskararren tafki, ya nufi tsibirin Martinik da ita. Ya tafka asara a tafiyar farko, amma bai haƙura ba, har a 1833 ƙanƙararsa ta isa Kalkata ta ƙasar Indiya. A ganina wannan fatauci ya fi kowane irin barasa tasiri a kan sana'ar, domin sai da ƙanƙara ta yi araha sannan aka bar babban kwano aka koma haɗa wa kowa nasa kofin a gaban idonsa.

Mutumin da ake ɗauka uban sana'ar shi ne Jerry Thomas, wanda a 1862 ya wallafa littafin farko na haɗe-haɗen abin sha a Amurka. Ya yi suna da wani haɗi da yake cinna wa wuta yana juya shi tsakanin kofunan ƙarfe biyu, harshen wutar yana bin ruwan a iska. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a cikin littafin nasa ya ware sashe na musamman don abin shan waɗanda ba sa shan giya, wato dai haɗin da babu barasa ya tsufa tare da sana'ar.

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta sayar da giya, sai ƙwararrun suka watsu zuwa Landan da Faris da Habana. Ɗaya daga cikinsu, Harry Craddock, ya kama aiki a otal ɗin Savoy na Landan, inda wata mace mai suna Ada Coleman take shugabantar mashayar otal ɗin tun 1903, kuma a 1930 ya fitar da littafin da har yanzu ake komawa gare shi. An kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya a 1951 a garin Torquay na Ingila. Bayan haka sana'ar ta yi rauni na wani lokaci, aka koma amfani da garin lemo na leda da ruwan kwalba mai launi, har sai da Dale DeGroff ya dawo da matse ɗanyen lemo a wurin da ake kira Rainbow Room a New York daga 1987. Darasin wannan zamani ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin lemon da ake rabawa a bukukuwa yau yana kan wancan mataki na launi da ƙamshin kwalba.

Mataki na farko: tara kayan aiki

Kayan ba su da yawa. Na farko shi ne ma'auni mai baki biyu, ɗaya na ɗaukar mililita 30 ɗaya 60, ko 25 da 50. Na biyu gwangwanin girgizawa, kuma wanda ƙwararru suka fi so shi ne mai ƙarfe biyu, babba da ƙarami, da ake kifa ɗaya a bakin ɗaya. Sai matata mai zagayen waya da ake ɗorawa a bakin gwangwani don tare ƙanƙara, da ƙaramar rariya irin ta shayi, da dogon cokali, da abin matse lemo, da guntun itacen dandaƙa ganye, da wuƙa mai kaifi da katakon yanka. A tsibiran Karebiyan suna da wani tsinke mai yatsu a ƙasa da ake mulmulawa tsakanin tafin hannu don gauraya abin sha da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, wanda bai da maraba da maburgin da ake burga miyar kuka, kuma ƙaramin sabon maburgi zai yi wannan aiki sarai.

Idan kuɗi bai kai ba, a fara sayen ma'auni. Kwalbar jam mai murfi za ta iya maye gurbin gwangwani na ɗan lokaci, amma babu abin da zai maye gurbin awo, domin mai zubawa da ido ba zai taɓa yin kofi biyu masu ɗanɗano ɗaya ba, kuma ba zai san ribarsa ba.

Mataki na biyu: shirya tushen haɗi kafin baƙi su zo

Ba a zuba tsabar sukari a cikin abin sha mai sanyi, saboda ba ya narkewa, sai ya kwanta a gindin kofi. Ana yin ruwan sukari ne: a auna sukari giram 500 da ruwa mililita 500, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya narke, a sauke kafin ya tafasa sosai, ya huce a zuba a kwalba mai tsabta. A firji yakan kai wata guda. Daga wannan ake fitar da sauran: a jefa dakakkiyar ɗanyar citta a ciki yana da zafi a bar ta na rabin awa sannan a tace, ko kirfa da kanumfari, ko a yi da zuma ta hanyar sirka ta da ruwan ɗumi daidai-wa-daida. Masu ɗanyen kaya irin citta sun fi saurin lalacewa, a yi na mako ɗaya zuwa biyu kawai, a rubuta kwanan wata a jikin kwalbar.

Akwai wata tsohuwar dabara ta masu haɗin kwano da ta cancanci a koya. A fere ɓawon lemon zaƙi guda huɗu siriri, ban da farin cikin, a zuba a roba tare da sukari kamar giram 150, a dandanne, a rufe a ajiye. Bayan awa biyu zuwa uku za a tarar sukarin ya jiƙe ya zama ruwa mai kauri launin zinare, domin ya zuƙo man da ke cikin ɓawon. Cokali ɗaya na wannan ya fi kwalbar ƙamshin kanti gaba ɗaya.

Lemon tsami kuwa a ranar ake matse shi. Bayan kwana guda yakan soma ɗaci da wani ɗanɗanon ƙarfe. A tace shi da rariya, a sa a kwalba a cikin sanyi.

Mataki na uku: fahimtar awo

Nan ne zuciyar sana'ar. Babban rukuni na koktel, wanda sanannen haɗin nan na ƙasar Kyuba mai suna Daiquiri yake ciki, an gina shi a kan awo ɗaya: kusan mililita 60 na mai ƙarfi, 20 zuwa 25 na tsami, 20 zuwa 25 na ruwan sukari. Wanda ya haddace wannan ya riga ya haddace haɗi da dama, domin sauran sauye-sauye ne kawai. Idan an ƙara ganyen na'a-na'a da ruwan soda an sami Mojito, idan an sauya lemon ko zaƙin an sami wani suna daban.

Matsalar mai haɗin da babu giya ita ce gurbin nan na mai ƙarfi. Barasa tana ba abin sha zafi a maƙogwaro da nauyi a baki, kuma tana sa mutum ya riƙa kurɓa a hankali. Idan aka cire ta aka cike gurbin da ruwan abarba ko na lemon zaƙi kawai, sai a sami zaƙi a kan zaƙi, wanda baƙo zai shanye a zuƙa biyu ya ji ya gundure shi. Saboda haka dole a nemo abin da zai kawo ɗayan abu uku: zafi, ko bauri, ko ɗaci. Citta da ɗan masoro suna kawo zafi. Shayi mai ƙarfi, kamar jaka huɗu a ruwa mililita 500 na minti biyar, yana kawo bauri. Ruwan tonik, wanda ɗacinsa daga sinadarin kwinin yake, irin wanda Turawan mulkin mallaka suka riƙa sha a Indiya don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, yana kawo ɗaci.

Zoɓo ya haɗa bauri da tsami da launi a wuri ɗaya, shi ya sa nake ganin babu abin da ya kai shi dacewa da wannan gurbi. Ba mu kaɗai muka san haka ba: a Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisaf, kuma ƙasar Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta. A jiƙa giram 50 na busasshen zoɓo a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa na minti 20, a tace, kada a sa sukari. Sannan a gwada wannan: zoɓo mililita 60, ruwan sukarin citta 20, lemon tsami 10. An rage lemon ne saboda zoɓon da kansa yana da tsami. Haka za a yi da jiƙon tsamiya. A ɗanɗana kowane haɗi kafin a miƙa, ta hanyar tsoma tsinken shan lemo a toshe samansa da yatsa a ɗiga a harshe, domin lemon damina da na rani ba tsaminsu ɗaya ba. Idan an ji haɗin ya yi lami, sau da yawa ɗan gishiri a bakin yatsa ne yake tayar da shi.

Mataki na huɗu: ƙanƙara

Ƙanƙara tana aiki biyu a lokaci guda, kuma ba a raba su: tana sanyaya, tana kuma sirkawa. Kowane giram na ƙanƙara yana zuƙe zafi kusan kalori 80 kafin ya zama ruwa, don haka sanyin da ake samu daga narkewar yake fitowa. A haɗin da aka girgiza da kyau, ruwan da ya narke yakan kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na abin da ke kofin, kuma an gina awon ne da sanin hakan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rowar ƙanƙara. Mutane suna zaton ƙwaya biyu za su hana lemo tsarmuwa, alhali kishiyar haka ce take faruwa: 'yar kaɗan ɗin takan narke nan da nan ba tare da ta sanyaya ba. A cika kofi da ita har baki, manya-manya kuma busassu, ba waɗanda suka daɗe suna iyo cikin ruwansu ba. A cikin kula a huda hanyar da ruwan zai tsiyaye, ko a ɗora ƙanƙarar a kan kwando.

Batun tsabta a nan ba abin wasa ba ne. Ƙanƙarar bulo da ake saya a kasuwa don sanyaya kwalabe ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar taifot da kwalara yadda za a dogara da ita. Wadda za ta shiga cikin kofi a yi ta da ruwan da aka yarda a sha. A ware mata nata kula da nata ludayi. Kada a kuskura a ɗebi ƙanƙara da kofin gilashi, domin idan bakinsa ya ɓantare a ciki ba za a iya bambance gilashi da ƙanƙara ba, kuma dokar sana'ar ita ce a zubar da duka a wanke mazubin.

Mataki na biyar: girgizawa, juyawa, da haɗawa a kofi

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk haɗin da yake da ruwan 'ya'yan itace, ko madara, ko zuma mai kauri, girgiza shi ake yi. A zuba kayan a ƙaramin gwangwani, a fara da mafi araha don in an yi kuskure asarar ta zo da sauƙi, a cika da ƙanƙara, a kifa babban a buga shi da tafin hannu ya kama. A riƙe da hannu biyu, a juya bakin daga fuskar baƙo, a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 12. Za a ga raɓa ta lulluɓe ƙarfen har yatsu su soma zafi don sanyi, ƙarar ƙanƙarar kuma ta sauya daga ƙwanƙwasa zuwa wani sauti mai laushi. A nan ake tsayawa. A doki gefen da gwangwanayen suka haɗu da gindin tafin hannu su rabu, a tace. Idan akwai ganye ko ɓargajen 'ya'yan itace a tace sau biyu, da matata da rariya. Ruwan abarba yana tayar da kumfa mai kyau da kansa idan an girgiza shi.

Haɗin da duk kayansa garai-garai ne, kamar shayi mai sanyi da ruwan sukarin kirfa, juya shi ake yi da dogon cokali a cikin ƙanƙara na kusan rabin minti, don kada iska ta shiga ta dusashe shi. Abin da yake da gas kuwa ba ya shiga gwangwani ko kusa, domin zai fashe a hannun mai girgizawa. A ƙarshe ake zuba shi a kofi, a ɗaga haɗin da cokali sau ɗaya daga ƙasa. Ganyen na'a-na'a ana danna shi ne a hankali, in an niƙe shi yakan yi ɗaci.

Gwaji a kan Chapman

Chapman shi ne haɗin da Najeriya ta yi suna da shi, kuma galibi ana danganta asalinsa da kulob ɗin Ikoyi na Legas. A cika babban kofi mai hannu da ƙanƙara, a zuba jan ruwan sukarin da ake kira giranadin mililita 25, da lemon tsami 15, sannan Fanta da Sprite daidai-wa-daida har kusa da baki, a jefa yankan kokwamba da na lemo. Lemon tsamin nan shi ne yake ceton haɗin daga yawan zaƙi, kuma shi aka fi mantawa.

Akwai abin da ya wajaba mai sana'a ya sani. Chapman na asali ana ɗiga masa ruwan ɗaci na Angostura, wanda wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ya haɗa a 1824 a ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu kuma ake yin sa a Tirinidad. Wannan ruwa yana ɗauke da barasa kashi 44.7 cikin ɗari, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa, amma da yawa daga masu shan Chapman a matsayin lemo zalla ba su san da haka ba, kuma haƙƙinsu ne a gaya musu. Mai son kauce masa sai ya tafasa ɓawon lemon zaƙi har da farinsa tare da kanumfari da kirfa da citta a ruwa kaɗan, ya tace ya riƙa sa ƙaramin cokali, ko ya maye rabin Sprite da tonik. Wanda yake aiki a otal ɗin da ake sayar da giya ya ware ma'auni da gwangwani na daban don marasa sha.

Mataki na shida: haɗin taro da lissafin kuɗi

A wurin biki ba za a girgiza wa mutum ɗari kofi ɗai-ɗai ba, sai a koma ga tsohon awon babban kwano. Ga mutum 50, kowa kofin mililita 200, ana bukatar lita 10: lita ɗaya ta tsami, biyu na ruwan sukari, uku na zoɓo ko shayi mai ƙarfi, huɗu na ruwan soda. Idan zoɓo ne a rage tsamin zuwa rabi a cike da ruwa, kuma ni nakan fara da lita ɗaya da rabi na zaƙin in ɗanɗana kafin in ƙara, domin ƙari yana yiwuwa amma ragi ba ya yiwuwa. A haɗa komai ban da soda tun da safe a sa a sanyi, a zuba sodar dab da rabawa. A cikin kwanon a sa ƙatuwar ƙanƙara guda da aka daskarar a roba, saboda ta fi ƙanana jinkirin narkewa.

Wajen sa farashi, a lissafa kuɗin duk abin da ya shiga kofi ɗaya, har da ƙanƙara da yankan lemo da tsinken sha. Masu sana'ar suna son wannan kuɗi kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na farashin sayarwa, domin ragowar ne zai biya haya da man janareta da albashi da kofunan da za su fashe.

Mataki na bakwai: tsayuwa a bayan kanta

Kowane abu ya kasance yana da mazauninsa, ta yadda hannu zai same shi ba tare da ido ya duba ba, kuma a ɗauraye gwangwani da ma'auni bayan kowane haɗi. Ana riƙe kofi daga ƙasa, ba a taɓa inda baki zai hau. Adon kofi ya zama abin da yake ƙara ƙamshi, kamar ɓawon lemo da aka matse a saman haɗin ko reshen na'a-na'a da aka tafa a hannu, kuma abin da ba a ci ko a shaƙa ba shi da aiki a wurin.

Baƙon da ya tsaya yana duban jerin sunaye bai san abin da zai zaɓa ba, kada a jero masa sunaye. A tambaye shi: "Ranka ya daɗe, mai tsami kake so ko mai zaƙi? Kana son zafin citta?" Amsa biyu sun isa a san inda za a dosa. Idan Hajiya ta ce tana da ciwon sukari, a rage ruwan sukarin zuwa mililita 5 ko a cire shi, a rage tsamin daidai da haka, a tsawaita da ruwan soda, kuma a sanar da ita cewa ruwan abarba da na mangwaro ma suna ɗauke da nasu sukarin. Haka nan a tambaya kafin a sa gyaɗa ko madara ko ƙwai, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar su. Idan mutum uku suka iso kanta a lokaci guda, a gaishe su duka, a faɗa wa na ƙarshe cewa ana zuwa gare shi, sannan a jera kofunan a haɗa masu kaya iri ɗaya tare, a bar zuba ƙanƙara da soda sai ƙarshe don duka su isa hannun masu su da sanyinsu.